Kundin Aikin Kwatanta Tsofaffin Motocin Amurka, Daga Model T Zuwa GNX

12 ga Janairu, 2025

Aikin da na sa a gaba shi ne haɗa jadawali guda wanda zai kwatanta tsofaffin motocin Amurka na zamani daban-daban, domin amfanin mai sha'awar tara irin waɗannan motoci wanda bai riga ya tsayar da zamanin da zai zuba kuɗinsa a kai ba. Na fara rubuta kundin a wannan wata ne saboda a cikinsa ake yin manyan gwanjo biyu da ke nuna inda kasuwa ta dosa a kowace shekara, wato na kamfanin Mecum a Kissimmee ta jihar Florida, da na Barrett-Jackson a Scottsdale ta jihar Arizona.

Sai da na fara tsayar da iyaka, domin su kansu masu tarawa ba su yi ittifaƙi a kan motar da ta cancanci shiga sahu ba. Ƙungiyar Classic Car Club of America, wadda aka kafa a 1952, ba ta karɓar komai sai motocin alfarma da aka ƙera tsakanin 1915 da 1948, saboda haka Model T da Mustang duk ba su da kujera a wurinta. Ita kuwa Antique Automobile Club of America, wadda ta girme ta tun da a 1935 aka kafa ta, tana karɓar duk motar da ta cika shekara 25. Ma'aunin ta biyun na ɗauka, amma na tsaya a 1987. Na kasa motocin gida huɗu: na kafin Yaƙin Duniya na Biyu, na 1948 zuwa 1959, na 1964 zuwa 1971, sai na 1973 zuwa 1987. Game da lafiyar mota kuma, zan bi matakai huɗu da kamfanin inshora na Hagerty yake amfani da su, kuma zan riƙa kwatanta motocin mataki na uku, wato mota mai lafiya da ake hawa yau da gobe, wadda ba ta rasa ɗan tabo nan da can.

9 ga Fabrairu

Layin ƙarfin inji shi ne wanda kowa yake fara dubawa, kuma shi ne mafi yaudara a jadawalin. Har zuwa 1971 kamfanonin Amurka suna auna inji ne a kan teburin gwaji tsirara, babu salansa irin ta mota, babu matatar iska, babu sauran kayan da ke jan ƙarfinsa. Daga 1972 suka koma auna shi yadda yake a cikin mota da dukkan kayansa. Shekarar 1971 ta taimaka mini ƙwarai, domin a cikinta an buga alƙaluma biyun tare: injin Hemi 426 na Chrysler yana da ƙarfin doki 425 a tsohon ma'auni, 350 a sabo, alhali inji ɗaya ne ba a taɓa ko noti a jikinsa ba.

Wannan ba ya nufin raguwar ƙarfin da aka gani a shekarun 1970 duk ta takarda ce. Injin Cadillac Eldorado mai lita 8.2 an rubuta masa doki 400 a 1970, zuwa 1976 ya dawo 190, kuma canjin ma'auni ba zai iya cinye wannan tazara shi kaɗai ba. Sauran ya tafi ne wajen rage matsin silinda domin man fetur marar dalma, da na'urorin tace hayaƙi da suka biyo bayan dokar tsabtace iska ta 1970. Na raba layin gida biyu, tsohon ma'auni da sabo, kuma ba zan yarda a haɗa su ba.

16 ga Maris

Na kammala ɓangaren kafin yaƙi, kuma a nan ne tambayar da nake ganin za ta riƙe aikin gaba ɗaya ta fito fili: a kowane zamani, mene ne abin da ke jikin mota wanda ba a iya sake ƙera shi? Duk inda amsar take, nan kuɗin yake.

Ford ya ƙera Model T fiye da miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927, farashinta ya faro daga dala 850 ya sauko har 260 a 1925. Yau kusan babu wani ƙarfe a jikinta da ba a samun sabonsa a kasuwa, shi ya sa mota mai shekara ɗari sau da yawa ba ta kai dala 20,000 ba. Abin da ke hana mutane saye ba kuɗi ba ne, tuƙi ne. A ƙasa akwai feda uku, amma babu totur a cikinsu. Ta hagu idan aka danne ta har ƙasa giya ta ɗaya ce, a tsakiya babu giya, idan aka sake ta kuma giya ta biyu. Ta tsakiya ita ce ta komawa baya. Ta dama birki ce, kuma ba tayoyi take kamawa ba, cikin giya take riƙewa. Totur wani ɗan hannu ne a ƙarƙashin sitiyari ta dama, ta hagu kuma akwai ɗan'uwansa mai daidaita lokacin wutar filogi, wanda idan aka manta ba a ja shi baya ba kafin a wana inji da hannu, ƙarfen wanawar yana iya dawowa ya karya wa mutum hannu. Tankin mai yana ƙarƙashin kujera a yawancin shekarunta, kuma man yana gangarowa ne da kansa zuwa kafireta, don haka a tudu mai tsayi direbobin wancan zamani sukan juya su hau da baya. Gidan adana motoci na Gilmore a jihar Michigan har darasin tuƙa ta yake bayarwa. Da injin doki 20 da gudun da bai wuce kilomita 70 a awa ba, ba motar babban titi ba ce. Wanda yake son ya riƙa fita da motarsa, Model A ta 1927 zuwa 1931 ta fi dacewa da shi, domin tana da doki 40, giya uku da kuloci irin wanda aka saba, da birki a tayoyi huɗu.

A ɗaya ƙarshen akwai Duesenberg Model J da aka fito da ita a 1928, mai silinda takwas a jere da doki 265, wadda ba a ƙera 500 ba kafin kamfanin ya rufe a 1937. Kamfanin shasi da inji kawai yake sayarwa, a kan dala 8,500, sannan mai saye ya kai wa maƙeran bodi irin su Murphy na Pasadena ko LeBaron ko Derham su ɗora masa wanda yake so, da hannu, a kan firam na katako. Saboda haka tambayar farko a kan kowace Duesenberg ita ce ko bodin da ke kanta shi ne wanda aka haife ta da shi, domin da yawa an sauya musu daga rufaffe zuwa mai buɗaɗɗen sama, kuma kasuwa tana hukunta wannan sauyi da tsanani. Samfurin SSJ na 1935, wanda guda biyu kacal aka yi, an sayar da na ɗan wasa Gary Cooper a kan dala miliyan 22 a gwanjon Pebble Beach ta jihar California a 2018. Na sa ta a jadawali don a ga iyakar sama, ba don ina tsammanin mai karatu zai taya ba.

6 ga Afrilu

Babu abin kwatantawa tsakanin Fabrairun 1942, lokacin da aka dakatar da ƙera motocin farar hula saboda yaƙi, da ƙarshen 1945, kuma motocin 1946 zuwa 1947 galibi tsofaffin samfura ne da aka ɗan sauya wa fuska. Tucker ta 1948 na bar ta a waje: guda 51 kacal aka ƙera, mota 51 kuwa ba kasuwa ba ce.

18 ga Mayu

A shekarun 1950 inji ba shi ne matsala ba. Ƙaramin V8, wato inji mai silinda takwas a siffar V, da Chevrolet ya fito da shi a 1955 ya daɗe ana ƙera zuriyarsa har duk wani makanike a Amurka ya san cikinsa, kayan gyaransa kuma sun fi na wasu sababbin motoci araha. Bel Air ta 1957 ma har sabon bodinta sukutum ana bugawa yanzu. Lambar shasinta tana taimakawa kaɗan: idan ta fara da VC57, to Bel Air ce da ta fito da V8 daga masana'anta, amma lambar ba ta faɗin wane V8 ba ne, kuma bambancin kuɗi tsakanin mai kafireta da mai lita 4.6 da ke fesa mai da na'urar Rochester, wanda aka rubuta wa doki 283, ba ƙarami ba ne.

Inda kuɗi ke zurarewa a wannan zamani shi ne ado. Cadillac ta 1959 tsawonta ya kai mita 5.7, da fikafikan baya mafi tsayi da kamfanin ya taɓa yi, salon da ya faro a 1948 a ƙarƙashin Harley Earl, shugaban masu zanen motoci na General Motors. Yawancin kayan ƙyallin da ke jikin irin waɗannan motoci ba ƙarfe ba ne, zubin tutiya ne da aka shafa wa kurom, kuma idan ya tsufa yakan yi ƙuraje daga ciki, ta yadda sai an kankare kowane rami an cike shi da hannu kafin a sake shafawa. Wuraren da ke wannan aiki sun ragu saboda dokokin muhalli a kan sinadaran da ake amfani da su, kuɗin aikin kuma ya hau. Ga Bel Air ana iya sayen sabon ado a kwali. Ga Eldorado Biarritz ta 1959, wadda 1,320 kawai aka yi a kan dala 7,401 kowace, idan wani yanki ya ɓata sai dai a nemo wata matacciyar a cire. Ta zo kuma da balan-balan na iska a madadin sifirin, wanda ya riƙa yoyo har masu motoci da yawa suka cire shi tun tuni, don haka samun wadda ke da nata na asali wani ƙarin daraja ne da ƙarin wahala a lokaci guda. Batun shan mai ban ma buɗe masa layi ba, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wani abin lura a gefe: a 1955 Ford ya sayar da Thunderbird 16,155, Chevrolet kuwa Corvette 700 kacal. Wadda ta sha kaye a lokacin ita ce ta fi tsada yau.

22 ga Yuni

Na je duba wata Mustang ta 1966 a wani ƙauye a jihar Ohio, domin in gwada jerin abubuwan dubawa da na tsara a kan mota ta gaske. An tallata ta da V8, kuma V8 ɗin ne a ƙarƙashin bonet. Sai dai harafi na biyar a lambar shasi, wadda aka buga a jikin ƙarfen da ke gefen inji ta ɓangaren direba, T ne, alamar cewa da silinda shida ta fito. Da V8 ce ta asali da an ga C ko A, ko K idan mai doki 271 ce. Tayoyin ma sun ba da shaida, domin noti huɗu ne ke riƙe kowace, alhali masu V8 biyar suke da shi. Mai motar, wani dattijo, bai musa ba, ya ce haka ya saye ta. Farantin da ke jikin ƙofa ban dogara da shi ba, tun da ƙofa ana sauya ta.

Daga nan na roƙi izini na zuba ruwa a ramukan iska da ke gaban gilashi, na leƙa ƙarƙashin dashbod da tocila. Kafin minti ɗaya ruwa ya fara ɗiga a kan kafet ta ɓangaren fasinja. Wannan wuri shi ne sanannen ciwon Mustang ta farko: ganye da laka suna taruwa a ciki, tsatsa ta huda shi, ruwa ya sauka ya cinye daɓen motar, kuma gyaransa sai an yanke walda an buɗe gaban motar. Da yake bodinta da shasinta abu ɗaya ne, tsatsar ƙasa ba ta ado ba ce, ƙashin motar take ci. Mayen ƙarfen da na bi gefen tayar baya da shi ya ƙi kamawa a wuri mai faɗin tafin hannu biyu, wato an cike da fila an bi da fenti. Gishirin da ake zubawa a titunan Ohio da Michigan lokacin ƙanƙara shi ne sila, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a Arizona take da farashinta daban. Ford ya ƙera Mustang fiye da 600,000 a 1966 kaɗai, saboda haka babu dalilin ɗaukar mai ciwo.

20 ga Yuli

Wannan ɓangare ya fi kowane cin lokaci. A motocin ƙarfi na 1964 zuwa 1971, abin da ba a iya sake ƙerawa ba ƙarfe ba ne, takarda ce. Dalili kuwa shi ne yadda aka haife su: mota ce ta talakawa aka cusa wa babban inji. Pontiac GTO ta 1964, wadda John DeLorean da abokan aikinsa suka fito da ita, zaɓi ne kawai a kan Tempest LeMans, da inji mai lita 6.4 da doki 325, kuma an sayar da 32,450 a shekarar farko. Sai a 1966 ta zama samfuri mai lambar kansa. Ma'ana, duk mai LeMans ta 1964 da ɗan kuɗi zai iya sayen tambari da bonet da inji ya mayar da ita GTO, lambar shasi kuma ba za ta tona shi ba.

Abin da ke raba gardama shi ne ko kamfani ya adana bayanansa. Na Pontiac sun tsira, kuma ana samun kwafin takardar kowace mota ta hannun Pontiac Historic Services. Na Ford daga 1967 suna hannun Kevin Marti, wanda rahotonsa ya zama abin da ake tambaya kafin a yi ciniki. Chrysler ya sauƙaƙa tun daga masana'anta, domin a 1970 da 1971 harafin R a gurbi na biyar yana nufin Hemi, ga kuma ɗan faranti a gefen inji da ke lissafa kayan da motar ta zo da su. Wannan tabbaci yana cikin abin da ya sa Plymouth Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen sama, wadda ba a yi 15 ba, ta kai dala miliyan 3.5 a gwanjon Mecum na Seattle a 2014, alhali Barracuda mai bodi iri ɗaya da ƙaramin inji ba ta kusanci wannan ba ko a mafarki.

Chevrolet ne ya bar mutane a duhu. Chevelle SS 454 ta 1970 mai injin LS6, lita 7.4 da doki 450, lambar shasinta ba ta nuna inji, kuma babu cikakken kundin kamfani na waɗanda aka ƙera aka sayar a Amurka; waɗanda suka bi ta Kanada ne kawai ke da bayani a ajiye. Shi ya sa masu tarawa ke zolayar cewa LS6 da ke yawo yau sun fi waɗanda aka ƙera yawa. Abin da ake nema shi ne takardar haɗi, wata 'yar takarda da ma'aikatan masana'anta kan bari a saman tankin mai ko cikin wayoyin kujera ko ƙarƙashin kafet, sai kuma guntun lambar shasi da aka buga a jikin inji. Duka biyun ana yin jabunsu. Masu bincike har da madubin ƙara girma suke duba layukan da injin masana'anta ya bari a kan ƙarfen, don su gane ko an goge an sake bugawa. A ra'ayina, wanda ba zai biya ƙwararre ya duba masa ba, gara ya sayi wadda aka faɗa masa gaskiya cewa kwaikwayo ce, ya biya kuɗin kwaikwayo. A kan titi daɗinsu ɗaya.

Na ƙara layin birki a nan. Motoci da yawa na wannan zamani sun fito da birkin ganga a tayoyi huɗu duk da ƙarfin injinsu, kuma kafin 1967 yawancinsu layin man birki ɗaya gare su, idan ya fashe an rasa duka.

17 ga Agusta

Bayan 1971 kuɗin inshora da dokokin hayaƙi da takunkumin man fetur na Oktoban 1973 sun taru sun kashe wancan salo. Corvette ta 1975 doki 165 take da shi a injinta mafi ƙarancin ƙarfi, Mustang II ta 1974 kuwa ko V8 ba ta zo da shi ba a Amurka. Amma darasin da ya fi amfani ga mai tarawa a wannan zamani yana wurin motocin da aka saya don a ɓoye. An tallata Eldorado ta 1976 a matsayin mota ta ƙarshe mai buɗaɗɗen sama da Amurka za ta yi, aka ƙera 14,000, mutane suka biya fiye da farashi suka kulle a gareji. A 1982 Chrysler ya dawo da irin wannan rufi, a 1984 Cadillac da kansa ya bi sahu. Haka aka yi da Corvette ta 1978 mai fentin tseren Indianapolis, guda 6,502. Da yake kowa ya adana tasa, masu ƙarancin tafiya sun yi yawa a kasuwa, kuma ajiyar shekara da shekaru ba ta biya yadda aka yi fata ba.

Buick GNX ta 1987 ta fita daban. Guda 547 aka yi, duka baƙaƙe, kowace da lambarta a dashbod, da V6 mai lita 3.8 da turbo wanda aka rubuta wa doki 276. Tabbatar da asalinta ya fi sauƙi, tun da daga 1981 lambar shasi ta koma gurbi 17 bisa tsari ɗaya. Rauninta da na tsararrakinta shi ne roba da lantarki: robar da ke cike tsakanin bamba da bodi tana bushewa ta farfashe, dashbod yana tsagewa a rana, na'urorin da ke sarrafa inji kuma ba a gyara su da guduma da walda. Abin mamaki, busasshiyar jihar da ke ceton ƙarfen motar 1966 ita ce ke cinye robar motar 1987.

14 ga Satumba

Jadawalin yanzu yana da mota goma sha biyu da layi bakwai, kuma layi shida sun cika. Wanda ya rage shi ne na kuɗin riƙo a shekara, wanda ya haɗa inshora da wurin ajiya da man inji mai sinadarin zinc da tsofaffin injuna ke buƙata, da sauya tiyon roba da fetur mai gaurayen ethanol ke lalatawa. Akwai kuma rukunin da ban tsayar da matsayinsa ba, wato tsohon bodi da aka sa wa sabon inji da birkin faifai da na'urar sanyaya ɗaki. A manyan gwanjo irin waɗannan motoci sukan zarce na asali a farashi, musamman Corvette da Bel Air, amma ma'aunin da na gina aikin a kansa bai kama su ba, domin komai nasu ana iya sake yin sa. A yanzu na ware musu shafi na dabam.

A watan gobe za a yi babbar kasuwar kayan tsofaffin motoci ta Hershey a jihar Pennsylvania. Zan tafi da jerin kaya iri ɗaya na kowace mota, wato bamba ta gaba, kafireta, gilashin fitilar baya da hannun ƙofa, in tambayi farashin na asali da na sabon bugu, sannan in nemi masu shafa kurom su ba ni kiyasin aikin gaban Cadillac ta 1959.